Dutsen da Na Ɗauko Daga Ikko

Argungu,
ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta same ka ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da ba ka san kowa ba. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ko da yake a lokacin da nake wanga rubutu kuna tsakar gida tare, tana ɗaure maka kaya.

Za ka tarar da takardar a ƙarƙashin busasshen kifin da ta sa maka a jaka. Ni na ce ta ajiye ta nan. Tun ran da anka kira ka aiki a Legas nake cewa yau zan zaunar da kai, gobe zan zaunar da kai. Shekaranjiya har na kira ka zaure, ka zo ka durƙusa, na dube ka, sai na ji bakina yana tambayar ka ko ka duba injin ban-ruwa. Ka tashi kana mamaki. Abin da na kasa faɗi ranar shi nake rubutawa. Ka karanta a zaune, kai kaɗai, kuma ka kai ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Kun taso kun san ni manomin shinkafa, mai yawan shiru, mai saurin faɗa. An gaya muku na taɓa fataucin albasa zuwa Ikko, yadda muke kiran Legas a zamaninmu, kasuwa ta karye na dawo gona. An kuma gaya muku baffanku Bello, ƙanena, ruwa ya ci shi. Ba kasuwa ta karya ni ba, Nasiru. Kuma ruwan da Bello ya mutu a ciki bai kai masa ƙirji ba.

Ka sha jin sunan hodar iblis a rediyo. Abin da zan ba ka labarinsa ita ce dai, amma an sarrafa ta ta daskare, ta zama ƙanana kamar tsakuwa, fari-fari kamar gutsuren kanwa. Ba shaƙa ake yi ba, ƙona ta ake a zuƙi hayaƙin. Turawa suna ce mata kirak, wai saboda 'yar ƙarar da take yi in wuta ta taɓa ta. Mu dutse muke ce mata. Na sha ta kusan shekara biyu.

Ina da shekara talatin da uku, kai kuma ba ka daɗe da fara tafiya ba. Na kai albasa Ikko, na tarar kasuwa ta cika, ga ruwan sama ba ya tsayawa. Kwana huɗu ina zaune kan buhuna ina jin warinsu yana sauyawa. Akwai wani dillali da ke karɓar mu, Ɗanladi, mutumin Arewa ne, mai tsabtar tufa da iya magana, shi ke nemo mana masauki, kuma sahun gaba yake sallah. Bayan la'asar ya same ni na yi tagumi, ya dafa kafaɗata.

"Umaru, tashi mu je ka ɗan huta. Zaman nan ba zai sayar maka da ko buhu ɗaya ba."

Ya kai ni wani ɗaki a bayan kasuwa. Na tarar da fatake biyu da nake ganin girmansu, sun tuɓe huluna suna hira. Ɗanladi ya fito da ɗan bututun gilashi da wani abu a ƙulle cikin leda.

Na ce, "Mi ne ne wanga?"

Ya ce, "Maganin gajiya ne. Na manya ne, ba irin na 'yan tasha ba."

Ko taba ban taɓa sa wa a bakina ba. Na san a raina abin ba na kirki ba ne, kuma ƙofa a buɗe take, ba wanda ya riƙe ni. Kunya ce kawai ta zaunar da ni. Na ji tsoron su ce baƙauye ya zo daga bakin gulbi yana nuna ya fi su tsoron Allah. Saboda kada mutum uku su yi mini dariya na minti ɗaya, na miƙa hannu.

Ba zan ce maka ban ji daɗi ba. In na faɗi haka, ran da wani ya gaya maka akwai daɗi, za ka ɗauka sauran maganata ma ƙarya ce. Kafin in sauke bututun na ji kamar an ɗauke mini dutsen niƙa daga kai. Albasa ta fita daga raina, gajiya ta tafi, na ji babu wanda ya fi ni basira a duk kasuwar. Amma tsawon abin bai wuce shan kofin shayi ba. Da ya sake ni, sai na faɗa wani irin baƙin ciki da ban taɓa sani ba, ya fi wanda na shigo da shi nesa ba kusa ba. Ban kai ga sa takalmina ba na ji ina cewa, "Akwai saura?" Ɗanladi ya yi murmushi. Na farkon kyauta ne. Na biyun ba kyauta ba ne.

Wanga shi ne kuskurena na farko, kuma ga abin da nake so ka riƙe. Wanda zai miƙo maka ita ba zai zo da jajayen idanu da yagaggiyar riga ba. Zai zo da harshenka, a garin da kake kewar jin Hausa. Zai taimake ka tukuna, taimako na gaske, ya kuma jira ranar da ka fi kowace rana karaya. In ka shiga ɗaki ka ga an fito da abin da ba ka sani ba, kada ka tsaya neman kalmar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Ka tashi ka fita, ko da takalminka a hannu. Su kira ka baƙauye. Ni na guje wa wanga suna, kuma in ka kai ƙarshe za ka gane sunan da na cancanta.

Kuskure na biyu shi ne na ɗauka ni ke riƙe da abin. Na kafa wa kaina dokoki: a Ikko kaɗai, kuma sai na gama sayar da kaya. Tafiya ta gaba na sha kafin a sauke kayan. Ta bayanta na bar buhuna a hannun Ɗanladi ya sayar yadda ya ga dama, ni ina ɗaki. Daga nan na fara ƙirƙiro tafiya ko babu albasar kirki, in ce wa mahaifiyarka akwai ciniki.

Ba ta sa maye irin na giya, da za a gan ka kana tangaɗi a gane. Abin da take yi shi ne ta cinye sauran abubuwan da kake so ɗaya bayan ɗaya. Abinci ya fara fita daga raina, sai barci. Na rame har wandona yana zamewa. Leɓɓana sunka ƙone, ina tari mai baƙin majina. Zuciyata takan buga kamar ana daka a ƙirjina. Sai zargi ya shigo: in ji ana magana a waje in tabbata da ni ake, in tsaya ina leƙe ta hujin ƙofa har ƙafafuna su yi sanyi. In ta ƙare, sai in durƙusa ina laluben ƙasa ko wani ɗan gutsure ya faɗi. Na taɓa ƙona ɓarɓashin farar ƙasa da ya zubo daga bango, ina sane ba ita ba ce. Sallah kuwa, da farko ina haɗa ta, daga baya ina tsayawa a sahu raina yana cikin aljihuna, daga baya na daina yaudarar kaina.

Don haka duk ran da ka ji kana kafa wa kanka doka a kan wani abu, kana cewa ranar Asabar kaɗai, ko wanga ne na ƙarshe, to ka sani abin ya riga ya kama ka. Ba ita kaɗai ba, har ƙwaya da maganin tari da duk danginsu. A ranar za ka nemi taimako, kada ka bari sai gobe.

Yanzu na iso wurin da ya fi wuyar faɗi.

Ba za ka tuna Bello sosai ba. Shi ke ɗora ka a wuya ya kai ka bakin gulbi, kana riƙe da kunnuwansa. Na girme shi da shekara bakwai. Masunci ne tun yana ƙarami, in ya nutse da homa, 'yar ragar nan ta hannu, sai mutane su fara ƙirga numfashinsu kafin ya ɓullo. Bai taɓa yi mini musu ba. In na ce ruwa wuta ne, zai ce Yaya ya fi ni sani.

Lokacin na fara ɗauko dutsen ina kawowa gida, a ɗinke cikin bakin wando. A rumfar ajiyar albasa da ke gonarmu ta hanyar Gulma nake ɓuya in sha, da hantsi, lokacin da kowa ke cikin aiki. Rannan Bello ya zo kawo mini fura, ya ɗaga zana ya gan ni.

Ya tsaya da ƙwarya a hannu. Ya ce, "Yaya, mi kake yi haka? Wanga ne ya ramar da kai?"

Na ce ya shigo ya rufe.

Ya ce, "Wallahi sai na gaya wa Inna. Kullum kuka take tana cewa an yi maka sammu a Ikko."

Nasiru, na daɗe ina gaya wa kaina cewa shi ya nemi ya ɗanɗana. Ƙarya ce. Na dube shi, na auna a raina cewa in ya sha sau ɗaya ba shi da bakin kai ƙarata. Na sassauta murya, na ce, "Ka zauna ka ji abin da ake ji tukuna, in ya so sai ka je ka faɗa. Ni zan ba ka abin da zai cuce ka?" Wagga kalma ta ƙarshe ita ta zaunar da shi. Ya ajiye furar, ya karɓa da hannu biyu kamar yadda yake karɓar komai daga gare ni.

Na sayi shirunsa da ransa, kuma ina sane na yi.

Ta kama shi fiye da yadda ta kama ni. Cikin 'yan watanni ya sayar da kwalekwalensa. Ya ja abokansa masunta biyu ciki, domin mai sha yana bukatar waɗanda za su haɗa hannu a aika a sayo. Ɗayansu ya bar garin nan, har yau ba a san inda yake ba. Haka take yaɗuwa. Ba baƙo ke shigo da ita gari ba, wa ke ba ƙane, aboki ya ba aboki, kowa daga hannun wanda ya yarda da shi. Ban san ko ni na fara kawo ta unguwarmu ba, amma ban san wanda ya riga ni ba.

Abin da zan gaya maka a nan gajere ne. Mutum in yana son ɓoye laifinsa, babu wanda ba zai iya jefawa a wuta ba, har wanda ya fi so. Ni ban san haka nake ba sai da na gani. In wani da kake ƙauna ya miƙo maka abu yana cewa shi ba zai cuce ka ba, kada ka dubi fuskarsa, dubi abin da ke hannunsa. Ko da ni ne.

Kakarka ta ga 'ya'yanta biyu suna lalacewa a gabanta. Bello ya fara magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa, yana sosa jikinsa wai ƙwari na yawo a ƙarƙashin fatarsa. Wata rana ta kira ni ɗakinta, ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Umaru, kai ne babba. Ka dubi Allah ka gaya mini mi ke damun ƙanenka."

Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ina jin iskokin ruwa ne. Kin san ya cika nitso."

Ta yarda, don ni na faɗa. Ta sayar da tunkiyarta, anka yi ta kai shi wurin masu magani, ana turare ana rubutu. Ni ke ɗaukar sa a babur in kai shi, a hanyar dawowa mu ratse rumfar albasa. Da na faɗi gaskiya a ɗakin nan, da asibiti anka kai shi, wataƙila da yau shi zai raka ka tasha. Wanga shi ne kuskuren da ya fi hana ni sakewa, domin an buɗe mini ƙofa, uwata da kanta ta buɗe, na rufe.

Ranar da ya rasu, da rani ne, ruwa ya janye. Mun sha tare da hantsi, ya sha fiye da yadda ya saba. Ya dafe ƙirji ya ce, "Yaya, zuciyata kamar za ta fito." Na ce zai wuce, nawa ma yana yi. Ya ce bari ya shiga ruwa ya ji sanyi, ko ya samo mana kifin rana. Na bi shi har bakin gulbi na zauna a gindin giginya. Ina kallonsa ya shiga da homa, ruwa iya cibiya. Ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya waiwayo kamar zai ce wani abu, sai ya durƙushe.

Na ɗauka nitso ya yi. Na zauna ina jira ya ɓullo. Har yau ban san tsawon zaman da na yi ba, domin rabin hankalina yana kan ɗan abin da ya rage a aljihuna. Wasu masu wankin albasa a gefe su sunka ga homar tana yawo ita kaɗai, sunka yi ihu. Da anka fito da shi babu sauran numfashi.

Mutane sunka taru suna mamakin yadda Bello, wanda ya fi kowa sanin ruwa, zai mutu a inda yara ke wanka. Wani dattijo ya ce ai dama iskokin sun daɗe suna kiransa. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.

Za ka zaci daga ranar na daina. Ranar sadakar uku, ana zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, na ce zan zaga, na tafi rumfar albasa. Ina kuka ina sha. In kana son sanin ƙarfin wagga aba, to ka tsaya a nan ka yi tunani.

Kai ka tsayar da ni, ba ka sani ba. Bayan mako biyu na rataye rigata a ƙyauren ɗaki na shiga wanka. Kana ɗan shekara uku, ka saba laluben aljihuna don nakan sayo maka alewa. Na fito na tarar da mahaifiyarka a durƙushe, ta matse maka kumatu da hannu ɗaya, yatsanta a cikin bakinka tana lalube, kana ta kuka. Ledar tana ƙasa a kwance. Allah Ya sa ba ka kai ga sa wa a baki ba, a dunƙule ta same shi cikin hannunka. Ta ɓamɓare yatsunka ɗaya-ɗaya ta karɓe.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta goya ka, ga cikin ƙanwarka ya tsufa, ta tsaya a gabana.

Ta ce, "Malam, na daɗe da sanin akwai abin da kake sha, na yi shiru ina jiran ka faɗa da bakinka. Wanga ne ya kashe Bello?"

Na kawar da kai.

Ta ce, "To ka ji. Yau zan tafi Ambursa da yaron nan. Gobe yayana zai zo da mota. In ka shiga ya kai ka asibiti, zan dawo in jira ka ko shekara nawa ne. In ba ka shiga ba, kada ka biyo mu."

Na shiga motar. Ba jarumta ba ce, tsoro ne. Duk sanda na rufe ido sai in ga hannunka a dunƙule.

Na yi watanni a asibiti. Na fito na koma sha sau biyu, sau biyu kawunka yana mayar da ni, bai taɓa gaya wa kowa ba har ya bar duniya. A asibitin na haɗu da wani likita mai haƙuri, wanda ya ba ni tarihin abin da ya kusa kashe ni. Ya ce asalinta ganyen wata bishiya ne a duwatsun Kudancin Amurka, mutanen can sun daɗe suna tauna shi don yunwa da gajiya, kamar yadda muke cin goro. Turawa sunka tace ganyen sunka fitar da hoda, har likitoci sunka yi ta aiki da ita wajen kashe zafi, kafin a gane tana bautar da mutum a hana. Hodar tana da tsada, sai masu hali. Daga baya masu safara sunka gano yadda za su daskarar da ita su sayar ƙanana-ƙanana, yadda talaka ma zai iya saye. Ya ce a wasu biranen Amurka ta shiga unguwannin talakawa ta watsa gidaje, iyaye mata sunka bar jarirai, kurkuku ta cika. Na tambaye shi mi ya kawo ta ƙasarmu. Ya ce hanya ce ta biyo da ita: ana ratsowa da ita ta ƙasashenmu na yamma za a kai Turai, kuma duk inda kaya ke wucewa sai wani ya zube. Na yi ta tunanin nisan tafiyar da abin nan ya yi, ya ƙetare teku, ya wuce hannu bayan hannu, kuma zangon ƙarshe daga Ikko zuwa bakin Bello ni na ɗauke shi a bakin wandona.

Na dawo na bar fatauci, na kama noman shinkafa, don kada wata hanya ta sake kai ni kudu. Kakarka ta rayu shekara shida bayan haka. Kullum in na gaishe ta sai ta sa mini albarka, ta ce ni kaɗai na rage mata. Ta rasu tana tsoron gulbi, tana hana ku zuwa bakinsa. Ban taɓa gaya mata ba. Na ce ina tausayinta ne, amma kaina nake tausayi. Kada ka jinkirta gaskiya ga wanda yake da hakkin jin ta, domin lokacin da kake jira ba ya zuwa, mutumin ne ke tafiya.

Kai ma na yi maka laifi. Ka tuna kana aji uku na sakandare na sami karan taba a aljihunka, na yi maka dukan da sai da maƙwabta sunka shigo. Ka yi wata guda ba ka haɗa ido da ni ba. Ba kai nake duka ba a ranar, amma jikinka ne ya ji. Da na zaunar da kai na gaya maka ko rabin abin da ke cikin wagga takarda, da ya fi. Abin da na koya maka da bulala shi ne ka iya ɓoye mini abu, kuma wanga shi ne abin da na fi tsoro yanzu da za ka yi nisa. Ka yafe mini.

Da na so in mutu da wanga labari. Abin da ya hana ni ya faru watan jiya. Na je Birnin Kebbi sayen kayan injin ban-ruwa, da azahar na ratsa ta bayan wani kangon gini don in gajarta hanya. Sai na ji warin. Kamar leda ce ke ƙonewa, da ɗan zaƙi-zaƙi a ciki. Shekara ashirin da ɗoriya rabona da shi, amma kafin hankalina ya gane, bakina ya cika da yawu. Na dafa bango. A ciki samari biyu ne, tsaf da su, ɗaya ma da katin wurin aiki rataye a wuya. Ya ɓoye hannunsa a baya ya ce, "Sannu Baba, ko ba ka da lafiya ne?" Sa'anka ne, kuma da ladabi ya yi maganar.

Nasiru, ina da furfura, na yi aikin hajji, ina da jikoki, amma a wurin nan akwai wani abu a cikina da ya so in ce su ba ni. Na samu na ja ƙafata har titi, na tari keke mai ƙafa uku, na riƙe ƙarfensa da hannu biyu har tasha. Da na iso gida na gaya wa mahaifiyarka, ta ce, "To yanzu kam sai ka gaya wa yaron."

Abin da a zamanina sai ka yi tafiyar kwana biyu kafin ka gan shi, yau yana nan Birnin Kebbi, kusa da gida. Inda za ka kuwa can ne na same shi. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsoron ranar da aiki zai yi maka zafi, ko a wulaƙanta ka, ko kewa ta dame ka, wani mai kirki ya dafa kafaɗarka. Ina tsoron jinina da ke jikinka. Ka kama sallah a cikin jama'a, ka ci abinci a kan lokaci, ka nemi abokan da za ka iya kawowa gaban mahaifiyarka. Kada ka riƙe wa kowa ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba, ko na awa ɗaya ne. In ka ga abokinka ya fara ramewa yana zargin kowa, kada ka rufa masa asiri irin rufin da na yi, ka nemi danginsa ka faɗa, ko zai daina yi maka magana.

In kuma ƙaddara ta riga ta faɗa maka, ko yanzu ko nan gaba, ko sau ɗaya ne ko sau ɗari, ka kira ni. Ba zan yi faɗa ba, ba zan tambaye ka dalili ba. Zan hau mota in zo garin da na rantse ba zan sake takawa ba, in kama hannunka mu je asibiti. Ana fita. Da wuya, amma ana fita, in an faɗa da wuri.

Ban san da wane ido za ka dube ni bayan yau ba. In ka ji ba ka iya jin muryata na wani lokaci, na yarda, hakkinka ne. Amma ka riƙa kiran mahaifiyarka kowace Juma'a, ita ba ta yi maka komai ba sai alheri. In kun yi magana, zan kasance a kusa ina jin sautinka daga nesa, wanga ya ishe ni. Kuma in ka yi sallah ka sa baffanka Bello a addu'a da sunansa. Yanzu mu uku ne a duniya munka san yadda ya tafi.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya tsare bakinka da hannunka daga abin da zai bautar da kai. Ya sa ka fi ni ƙarfin cewa a'a, Ya dawo mana da kai da hankalinka da lafiyarka. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru